Rimin Gado: Ƙwaron Da Ke Ƙona Fata Da Dare, Ya Taya Manomi Aiki Da Rana

Idan damina ta ja baya a Rimin Gado, gero ya sunkuyar da kai, dawa ta fara ja, hirar dare takan yi armashi. A bakin titin Gwarzo masu shayi kan kunna fitilun sola, matasa su yi dafifi a wurin masu cajin waya, a cikin gidaje kuma mata su shimfiɗa tabarma a tsakar gida saboda zafin ɗaka.

Ba mutane kaɗai hasken ke gayyata ba. Ƙwari iri-iri sukan yi wa fitilar rumfa, wasu su faɗo cikin kofin shayi, wasu su shige wuyan riga. Mutum ya ji abu na tafiya a bayan wuyansa, ya kai hannu ya murje, ya ci gaba da zance.

Washegari, ko bayan kwana biyu, sai ya tashi da wani jan layi a wuya, yana raɗaɗi, ƙananan ƙuraje masu ruwa sun jeru a kai. Wani ya ce masa fitsarin hangara ne. Wata tsohuwa ta ce gizo-gizo ne ya bi ta kansa. Ba a rasa mai cewa a je a nemo tofi, don wannan bai yi kama da ciwon asibiti ba.

Sau da yawa mai laifin wani ɗan siririn ƙwaro ne da bai kai santimita ɗaya ba, wanda ba ya cizo, ba ya harbi, kuma yini guda yana cikin gona yana cinye maƙiyan amfanin manomi. Shi da dubban danginsa suna daga cikin halittun da ilimin zamani ya fi jahilta a ƙasar Hausa.

Wane ne shi?

Masana ƙwari suna kiran wannan dangi Staphylinidae. 'Yan uwan buzuzu ne, amma alamarsu dabam take. Murfin fiffikensu guntu ne, bai rufe ko rabin jiki ba, don haka bayansu a buɗe yake, mai gaɓa-gaɓa. Dogon fiffiken da suke tashi da shi yana nan a ninke ƙarƙashin wannan guntun murfi. In an tsokane su sukan ɗaga gindi sama kamar kunama, amma barazana ce kawai, babu ƙari a wurin.

Danginsu na da yawan gaske. An rubuta sama da iri 60,000 a duniya, abin da ya sa suke cikin dangogin dabbobi mafi girma da aka sani. Tsuntsayen duniya duka ba su wuce iri 11,000 da 'yan kai ba. Mafi yawan waɗannan ƙwari baƙaƙe ne ko ruwan ƙasa, ƙanana ƙwarai, suna zaune a cikin ƙasa mai laima, da juji, da kashin shanu, da ruɓaɓɓen ganye. Wasu a cikin surin gara suke kwana su tashi, wasu kuma suna bin jerin kwarkwasa, jikinsu da warinsu sun saje da na masu gida har ba a korar su.

Kusan dukkansu ba su da wata illa ga ɗan Adam. Wanda ya ja wa dangin baƙin jini shi ne rukunin Paederus, mai fiye da iri 600. Gane shi ba wuya: kai baƙi, ƙirji ja ko ruwan lemo, murfin fiffike shuɗi ko kore mai sheƙi, ciki ja, ƙarshen gindi baƙi. Duba ɗaya za ka ɗauka tururuwa ce ta sha ado. Irin da ya fi suna a Afirka shi ne Paederus sabaeus, wanda wani Bajamushe mai suna Erichson ya bayyana a rubuce tun 1840. A Kenya ana ce masa ƙudan Nairobi, duk da cewa ba ƙuda ba ne.

Yadda ƙunar ke faruwa

Gubar tana cikin jinin ƙwaron, sunanta pederin. Muddin bai fashe ba, zai iya bi ta jikin mutum ya wuce lafiya lau. Sai an buge shi, ko an murje shi, ko an danne shi cikin barci, ruwan jikinsa ke malalowa a fata.

A lokacin ba a jin komai, kuma wannan ne ke ɓatar da sawu. Gubar tana shiga ƙwayoyin fata ta hana su gina abin da suke rayuwa da shi, sai bayan awa 12 zuwa 36 wurin ya yi ja, ya fara zafi da ƙaiƙayi, sannan ya yi bororo. Kafin nan mutum ya manta da abin da ya murje a wurin hira.

Siffar ciwon tana nuna yadda aka same shi. Layi ne yake yi, domin hannun da ya share ƙwaron ya ja gubar a kan fata. In abin ya faru a lanƙwasar gwiwar hannu ko bayan gwiwa, sai a ga tabo biyu suna kallon juna, domin fata ta shafa wa fata. In kuma aka murza ido da hannun da ya taɓa gubar, fatar ido takan kumbura, idon ya yi ja, har a ɗauka afolo ne.

Yawanci cikin mako biyu zuwa uku ciwon kan bushe, ya yi ɓawo, ya saɓe. Abin da ke daɗewa shi ne baƙin tabo, wanda kan yi wata ɗaya ko fiye, musamman a baƙar fata. Ga budurwar da ake shirin bikinta bayan kaka, layi baƙi a kumatu ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

A Italiya aka fara ware wannan guba, a farkon shekarun 1950, ta hannun Mario Pavan da abokin aikinsa, kuma sai da aka tara ƙwari kusan miliyan 25 kafin a samu abin da zai isa a gane ginin sinadarin. Bayan shekara hamsin, wajen 2002, masu bincike a Jamus suka nuna cewa ba ƙwaron ke haɗa gubar ba. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a jikin macen, ita kuma ta gadar da gubar ga ƙwanta. Amfaninta a wurinsa shi ne kariya: gizo-gizon da ke farauta a ƙasa yakan ƙyale tsutsar da ke ɗauke da ita. Saboda yadda sinadarin ke hana ƙwayoyin jiki rabuwa, masu neman maganin ciwon daji sun daɗe suna nazarinsa.

Me ke kawo shi gida?

Abu uku yake so: laima, abinci da haske. Ƙasar Rimin Gado tana da su duka.

Ƙaramar hukumar tana yamma da birnin Kano, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba. A ƙidayar 2006 tana da mutane sama da 100,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 225 ko kusa da haka. Tana cikin yankin da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kai tun shekarun 1960, inda ƙauye ke kallon ƙauye, gona ke manne da gona, ba a barin saura ta huta. Abin da ya riƙe ƙasar tana ba da amfani kowace shekara shi ne taki: kashin awaki da tumaki, da tokar murhu, da sharar gida, da wanda ake kwasowa daga birni, a da a mangalar jaki, yanzu a bayan mota.

Tsibin takin da ake tarawa a bayan gida tun rani gidan haihuwa ne ga ƙananan ƙwari, kuma inda suke nan masu guntun fiffike ke zuwa farauta. Shi kuwa Paederus ya fi son bakin ruwa: fadama, gefen kududdufi, gonar shinkafa, lambun da ake ban ruwa. A ƙasa mai danshi macen ke saka ƙwai, tsutsar ta girma a wurin. Noman rani ya bunƙasa a wannan shiyya, daga madatsar Watari a Bagwai da ta Guzu-Guzu a Kabo, zuwa ta Challawa a Ƙaraye, ban da rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa da suka cika fadamu. Ke nan laima ba ta ƙarewa da ɗaukewar ruwan sama kamar yadda take yi a da.

Shekarar da ruwa ya yi yawa, yawansu kan ninka. Haka aka gani a Kenya da Tanzaniya bayan mamakon ruwan 1997 zuwa 1998. A Najeriya ma likitoci sun rubuta ɓarkewar wannan ciwon fata a kudancin ƙasar a 1990, wasu masana kuma suka ba da rahoton wata a Jihar Ribas a 1996. Lokacin girbi ma yana tayar da su, domin in an yanke shinkafa ko an ƙone kara, sun rasa mafaka, sai su tashi neman wata.

Sai batun haske, wanda shi ne sabon abu. Fitilar aci-bal-bal da ta ƙwai ba su jan ƙwari sosai, kuma da wuri ake kashe su. Farin haske mai ƙarfi ya fi jan su, ga shi yanzu fitilar sola ta shiga ƙauyuka, tana ci har asuba a ƙofar masallaci, da shago, da tsakar gida. Makarantun kwana da na allo da ke bakin gonaki sun fi shiga haɗari, domin yara na kwana da yawa a wuri ɗaya, taga ba raga, fitila a kunne.

Laifin wani, dukan wani

Manoma ba su yi kuskure ba da suke zargin hangara, domin ita ma tana sa bororo. Amma danginta dabam, gubarta dabam. Hangara babba ce, takan kai santimita biyu ko fiye, murfin fiffikenta ya rufe bayanta, kuma ɓarnarta a fili take: tana cinye furen gero da na wake. Ƙunarta takan fito da babban bororo ba tare da jan layi mai yawan raɗaɗi ba. Haɗa su a suna ɗaya ya sa ake yi wa mai amfani hukuncin maɓarnaci.

A wajen magani ma ana samun ruɗani. Ciwon yana kama da wanda ƙwayar cutar ƙarambau ke farfaɗowa da shi a jikin manya, mai fitar da ƙuraje a gefe ɗaya na jiki. Ma'aikacin lafiyar da bai saba gani ba yana iya rubuta magani mai tsada wanda ba shi ake buƙata ba. A kemis kuwa, abin da aka fi miƙa wa mutum shi ne man shafawa mai haɗin magani uku, ko ma kafso a fasa a barbaɗa.

A gida ana shafa makilin, ko toka, ko manja, wasu su fasa bororon da allura. Duk waɗannan suna ƙara fusata fata, su buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, ciwon da zai warke da kansa ya koma gyambo. Mata kuma, don gudun tabo, sukan koma ga man bilicin, wanda illarsa ta fi ta ƙwaron nesa ba kusa ba.

Abin da likitocin fata ke cewa mai sauƙi ne. In ƙwaron ya sauka a jiki, a hure shi ko a kakkaɓe shi da takarda. In an riga an murje, a wanke wurin da hannu da sabulu da ruwa mai yawa nan take, kada a taɓa ido. In ciwon ya fito, a riƙa ɗora tsumma mai tsafta da aka jiƙa da ruwan sanyi. In ya shafi ido, ko ya fara ruwa mai wari, ko ya zo da zazzaɓi, ko jariri ne, sai asibiti.

Ɗan ƙodagon da ba a biyansa

Masanin aikin gona kallon dabam yake yi wa wannan ƙwaro. A wurinsa mafarauci ne. Babba da tsutsa duk nama suke ci: darɓa, da ƙananan ƙwari masu tsotson ruwan shinkafa, da ƙwai da ƙananan tsutsotsin malam-buɗe-littafi. A ƙasashen Asiya masu noman shinkafa an daɗe da sanya Paederus cikin jerin abokan manomi, ana koya wa manoma su gane shi a makarantun gona.

Sauran dangin ma haka. Akwai rukunin Aleochara, wanda tsutsarsa ke huda kwanson ƙuda tun bai fashe ba ta cinye abin da ke ciki, don haka yana rage ƙudan da ke tashi daga turken dabbobi. A Turai da Amurka har kiwon wani iri ake yi a kamfanoni, a sayar wa masu noman rumfa su saki a cikin shukarsu.

A nan kuwa, feshi ne amsar kowace tambaya. Tun bayan da tsutsar tumatir da manoman Kano suka laƙaba wa Sharon ta yi ɓarna a 2016, da kuma tsutsar masara da ta ɓulla a ƙasar a shekarar, manoma suka ƙara dogara da magani. Mai wake yakan yi feshi sau da yawa kafin girbi. Mai lambu yakan haɗa magani biyu ko uku a tanki ɗaya bisa shawarar mai shago.

Manomin yana da hujjarsa. Ya ci bashin iri da takin zamani, ya ga tsutsa da idonsa, ba zai zauna jiran wani ƙwaro ya cece shi ba. Sai dai maganin ba ya tambayar suna. Yana kashe maɓarnaci da mai farautarsa tare, kuma maɓarnacin ya fi saurin dawowa, domin ya fi saurin haihuwa. Daga nan sai a ƙara feshi, a ƙara kashe kuɗi, gonar ta ƙara zama ba mai tsaro.

A ɗaka ma haka ake yi. Da an ga ƙwari a bango sai a ɗauko fiya-fiya a yayyafa inda yara ke kwana, alhali tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da irin wannan magani saboda haɗarinsa. Ƙwaron da ya mutu kuma gubarsa tana nan a jikinsa, don haka in an share da hannu, ba a tsira ba.

Dukiyar da ba a ƙidaya ba

Masana sun rubuta kimanin irin ƙwari miliyan ɗaya a duniya, suna kuma ƙiyasin cewa waɗanda ke akwai sun haura miliyan biyar. Mafi yawan waɗanda ba a rubuta ba suna ƙasashe masu zafi irin namu. A cikin masu guntun fiffike, akwai iri da yawa da aka sani daga ƙwaro ɗaya ko biyu rak, wanda wani Bature ya kama a fitilar gidan saukar baƙi zamanin mulkin mallaka, ya soke da allura, ya rubuta sunan gari da shekara. Daga nan ba a sake jin labarinsa ba: ba a san abin da yake ci ba, ba a san lokacin fitowarsa ba.

Samfuran suna can waje. Max Bernhauer, ɗan Ostiriya, ya bayyana dubban iri, tarinsa yana gidan adana kayan tarihin halittu na Field a Shikago. Na Malcolm Cameron yana Landan. Gaston Fagel na Beljiyam ya yi aiki mai yawa a kan na Afirka, amma ƙarfin aikin ya fi karkata ga Kwango da maƙwabtanta. Ɗalibin Kano da ya kama wani iri a Gulu ko Karofin Yashi da ke Rimin Gado, kafin ya tabbatar da sunansa sai ya kwatanta da abin da ke cikin akwati a wata nahiya.

Ba a ce ba a yi komai a gida ba. A Samaru ta Zariya, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ɗakin adana ƙwari mai daɗaɗɗen tarihi. A 1980 John Medler ya wallafa kundin sunayen ƙwarin Najeriya, wanda har yau masu bincike ke komawa gare shi. Cibiyar IITA, mai reshe a Kano, tana da babban tarin ƙwari a Kwatano. Jami'ar Bayero da ke kan wannan hanya ta Gwarzo tana da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa.

Matsalar ita ce inda kuɗin bincike ke zuwa. Sauro, da ƙudan tsando, da fara, da tsutsar masara suna samun tallafi domin ɓarnarsu na fitowa a lissafi. Aikin tantance iri kuwa na haƙuri ne, na madubin ƙara girma da shekaru, ba ya kawo suna da wuri. Wasu daga cikin waɗannan ƙwari ba a bambanta su sai an feɗe namijin an duba gaɓar haihuwarsa. Matashin da ke neman aiki bayan digiri da wuya ya zaɓi wannan fanni.

Akwai masu ganin wannan duk ɓata lokaci ne a ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tsadar abinci. Amsar masanan ita ce, ba za ka san abin da ka rasa ba in ba ka taɓa ƙidaya shi ba. A Jamus, wani nazari da aka fitar a 2017 ya nuna ƙwari masu tashi sun ragu da fiye da kashi 75 cikin 100 a shekara 27. Sun gane haka ne domin 'yan sa-kai na wata ƙungiya a garin Krefeld sun yi ta kafa tarko suna aunawa duk tsawon lokacin.

Abin da ke hannunmu

Mai gida zai iya rage matsalar ba tare da sayen komai mai tsada ba: a kwana cikin gidan sauro, a sa wa taga raga, a ɗaga fitila nesa da wurin kwana ko a kashe ta, a kakkaɓe shimfiɗa da tufafin da suka kwana a igiya, a nisanta juji da ciyawa daga jikin ɗaki. Malaman makarantun allo da na kwana su nuna wa yara hoton ƙwaron, su koya musu hurewa maimakon duka.

Ma'aikatar lafiya za ta iya sanya wannan ciwo cikin horon ma'aikatan ƙananan asibitoci kafin ƙarshen kowace damina. Malaman gona na hukumar KNARDA, in sun fita nuna wa manomi maƙiyin gonarsa, su nuna masa abokinsa. Gidajen rediyon Kano da ke da shirye-shiryen noma da lafiya za su iya isar da saƙon cikin minti biyar.

Su kuma jami'o'i, filin bincike yana bakin ƙofarsu. Tarkon fitila, da kwalba, da ɗan sinadarin adanawa sun isa ɗalibi ya fara tattara ƙwarin fadama ɗaya a Rimin Gado tsawon shekara. Duk matashin da ke da waya mai kyamara zai iya ɗaukar hoto ya ɗora a manhajar iNaturalist tare da wuri da rana, masana daga ko'ina su taimaka wajen tantancewa.

Rashin sani ya fi dare duhu. Kafin gwamnati da jami'o'i su motsa, abu biyu ya rage ga mai karatu a wannan kaka: in ka ga ɗan ƙwaro ja da baƙi a jikinka, hure shi, kada ka murje, in kuma ka gan shi a gonarka, ka bar shi ya yi aikinsa.